Ƙahon Tambaya

SHAFI NA 19

Na ga saƙonninku tun jiya. Masu zagin Sahabi ku ɗan sassauta masa, tsoro ne ba mugunta ba. Bismillah.

*

Masu shagunan Tudun Wada da Zuwaira ke kai wa kunun aya, abin da suke cewa a kanta ɗaya ne: "Yarinyar nan ba ta da hayaniya. Ta sauke robobinta, ta gaishe ka, ta wuce."

Matan layinsu kuma suka ce girman kai ne. "Wa ya san danginta? In ka ce ina ne garinku sai ta ce Tsafe, ta ja bakinta ta rufe."

Hanatu, ƙawarta, dariya take yi in ta ji. "Ba ku san ta ba. Ku zo gidana ran Asabar ku gan ta ta riƙe ƙwayar wasa, sannan ku ce ba ta magana."

Wasan nan Sahabi mijin Hanatu ne ya koyo shi a wajen bautar ƙasa. Ba karta ba ne, ba kuma caca ba. Shi ke jan labari da baki, ga gari, ga daji, ga dodo a bakin rafi, kowa kuma yana da mutumin da yake zama a cikin labarin. In za ka yi abu mai haɗari sai ka jefa wata ƙwaya mai fuska ashirin, ita za ta faɗi ko ka dace. Hanatu ta zama mai magani. Ƙanenta Bashar ya zama Jarmai mai takobi. Zuwaira kuwa ta ɗauki wadda kowa ya ƙi: jinsin da aka ce kakan kakansu ya ƙulla alkawari da shaiɗan, zuriyarsa ta fito da ƙaho da wutsiya da jan ido, su ba su ji ba ba su gani ba. Da hannunta ta gina 'yar siffar da yumɓu, ta shafe ta da jan farce, ta sa mata sunan kakarta. Tambaya.

Asabar ɗin da ta wuce, Jarmai ya faɗa rami, Tambaya na riƙe da igiyarsa aka kira magariba, aka tashi. Kashegari zazzaɓi ya kada Bashar, aka kai shi gidan mahaifiyarsa a Bungudu. Tun daga nan ba abin da yake faɗi cikin sambatu sai "Tambaya ta riƙe ni."

A gidan mahaifiyar tasa, Hajiya Delu, sunan Zuwaira guda ne yanzu.

Mayya.

*

Da hantsi motar Sahabi ta tsaya a ƙofar gidan. Bai kashe ta ba. Idonsa na kan madubi, inda yake hango tsohuwar da ke kujerar baya, sandarta tsakanin gwiwoyi, auduga manne a ido ɗaya.

Kakar Zuwaira ce. Daga Tsafe ta zo Gusau aka yi mata aikin ido. Jiya da Hanatu ta bugo waya tana kuka tana faɗin abin da ake shiryawa, tsohuwar na kwance kamar mai barci. Da safe sai aka tarar ta riga kowa yafa mayafi.

"Da ni za a tahi," abin da ta ce ke nan.

Sahabi ya juyo. "Zuwaira, don girman Allah. In Hajiya ta gan ta..."

"Ba za ta fito ba. Ta yi mini alkawari. Ko ba haka ba, Inna?"

"Na ji ki."

"Inna, ji daban, alkawari daban."

"Ke, tahi. Rana na yi."

Zuwaira ta dube ta ta sake duba. Sannan ta buɗe ƙofa.

Tsakar gidan cike yake da mata. Ta yi sallama, biyu ko uku suka amsa a ciki. Wata ta janye ɗanta ta ɓoye bayan zanenta. Wata daga can wajen turmi ta yi ƙasa da murya, amma ba ƙasan da ba za a ji ba.

"Kurwata kur. Ki ci kanki ki sha baƙin ruwa."

Ba wanda ya shimfiɗa mata tabarma. Tabarma ɗaya ce a gidan, a tsakiya, ƙarƙashin rumfa, Bashar na kwance a kai. An gicciye shi, an bar fili ta kowane gefe. Leɓensa ya tsattsage, gumi ya jiƙa wuyan rigarsa. Hanatu na durƙushe a kansa da tsumma, idonta ya kumbura.

Hajiya Delu ta miƙe daga kan kujerar tsugunno.

"Ke ce Zuwaira?"

"Ni ce. Ina kwana, Hajiya. Ya mai jiki?"

"Ke za mu tambaya."

Ta buɗe tafin hannunta. 'Yar siffar nan ce, ja wur, ƙahonta ɗaya ya karye.

"Mi ne ne wanga?"

Zuwaira ta zuba mata ido. Duk makon nan nemanta take yi.

"Tawa ce. A ina aka same ta?"

"Kun ji ko? Ta ce tata ce!" Hajiya ta ɗaga ta sama, ta juya kowa ya gani. "Cikin aljihun ɗana! 'Yar tsana mai ƙaho, cikin aljihun ɗana!"

"Inna lillahi," in ji matan.

Hanatu ta ɗago. "Hajiya, na faɗa miki, shi ya ɗauka da kansa. Ƙahon ne ya karye, ya ce zai liƙa mata da gam ya ba ta mamaki..."

"Rufe mani baki! Ke kinka kai shi. Gidan miji anka kai ki ko gidan bori?"

Sahabi ya rusuna. "Hajiya, wallahi wasa ne. Ni ke jan labarin. A labarin ne ya faɗa rami, ita ke riƙe da igiyar kada ya..."

"Na ji wannan, Sahabi, jiya ma ka hwaɗi. To amsa mani abu guda. A wasan naka akwai mutanen kirki?"

"Akwai, Hajiya."

"Akwai ɗiyan sarakai? Akwai malamai?"

"Akwai."

"An tilasta mata ta zama jikar shaiɗan?"

Sahabi ya yi shiru.

"Da kai nike!"

"A'a. Ita ta zaɓa."

"To." Hajiya ta juyo ga Zuwaira. "Ɗiyar musulmi, an jera maki mutane, kinka miƙa hannu kinka ɗauki shaiɗan. Kinka raɗa mashi sunan Tambaya. Kina zaton duk wanda ya san sunan nan ya mutu? Ni 'yar Karakkai ce, garin kakarki. Ni Tambaya ta kama ina yarinya. Ni ta tsallake gaban jama'a sannan na tashi. Ta mutu ta bar maki gado, ke kuma kin zo kan ɗana."

Hanatu ta buɗe baki. "Hajiya, ai ba ta..."

"In kinka sake magana sai na ɓata maki."

Wata budurwa da ke jingine da bango ta zaro waya, ta ɗaga ta daidai ƙirji. Zuwaira ta gani. Ta san kafin la'asar abin da za a ɗauka zai isa Gusau, ya shiga kowane shago da ke da robar kununta a firij.

"Ban ce ki tuɓe ba awa yadda ake yi da," in ji Hajiya. "Da tufanki. Ki tsallake shi sau uku, ki ce kin sake shi. Shi ke nan, ki kama hanyarki."

"A'a."



"Mi kinka ce?"

"Na ce a'a, Hajiya. Ba zan tsallake ba."

"Kun gani? Ba ta son ta sake shi!"

"Ban riƙe shi ba balle in sake. Zazzaɓi ne. Kwana nawa yana nan a kwance ba a kai shi asibiti ba?"

"Asibiti na maganin maita?"

"An gwada ne?"

Wata dattijuwa ta tafa hannu. "Kai! Ji idonta. Ko ƙiftawa ba ta yi."

Sahabi ya matso kusa da Zuwaira.

"Zuwaira, saurare ni. Ni na san ƙarya ne, ke kin sani, Hanatu ta sani. Taku uku ne kawai. Kina yi Hajiya za ta bari mu sa shi a mota. Yaron nan jikinsa kamar garwashi."

"In na tsallake, kuka kai shi asibiti, ya warke. Wa ya warkar da shi?"

"Allah mana, da likita..."

"A bakin matan nan nake tambayarka."

Ya kawar da kai. Ta ci gaba.

"Za su ce mayya ta sake shi. Ni, da uwata, da 'ya'yan da ban haifa ba. Ka san a nono ake cewa ana shan ta. Wa zai sake shan abin da na dama? Wa zai bar ɗansa ya zauna kusa da nawa a makaranta?"

"To in kin ƙi, wani abu ya same shi fa?"

"Sai su ce na cinye shi. Ka ga ke nan ko ta ina na bi an riga an gama. Gara in tsaya inda nake."

"Wallahi da kin ji maganata tun farko. Sau nawa na ce ki canza? Na ce ki ɗauki maharbiya, na ce ki ɗauki gimbiya..."

Zuwaira ta dube shi sama da ƙasa.

"Sahabi. A teburinka, gari nawa muka shiga?"

"Wannan ba lokacin..."

"Kowace ƙofar gari, me masu gadi ke ce wa Tambaya? Kai ke yin muryarsu, ai ka iya."

Ya sunkuyar da kai. "Su ce ta rufe ƙahonta da mayafi, ko ta kwana a waje."

"Na taɓa rufewa?"

"A'a."

"Na kwana a waje da kuraye. Na jefa ƙwaya ta ba ni biyu, aka jefe ni da duwatsu, kuna dariya, ni ma ina dariya. Da dodo ya fito wa ya tsaya musu? Wadda suka bari a waje. Kai kana ganin wasa nake zuwa yi. Ni kuwa tunda aka haife ni, a teburin nan ne kaɗai aka taɓa ce mini 'ke jikar wance ce' na samu bakin mayar da amsa. A Tsafe ba mu da wannan. Uwata ta girma in ta taɓa kwano sai a wanke shi da toka. Ta koya mini in yi shiru, in yi tafiya gefen hanya, kada in faɗi sunan kakata. To na faɗa. Na sa mata ƙaho da hannuna, tunda shi suke son gani, na sa ta gaba."

Ta juya ga Hajiya.

"Kin ce me ya sa na zaɓe ta. Don ba ta yi komai ba, Hajiya. Haihuwarta kawai aka yi."

Bashar ya motsa. Ya yi wani nishi, hannunsa na lalube a iska.

Hajiya ta zube a gabansa, ta tallabo kansa.

"Bashar. Bashar, buɗe ido. Wa kake gani?"

"Mmm..."

"Wa ke tsaye bisa kanka? Mace ce ko?"

"Igiya..."

"Bar igiya. Mace ce? Tambaya ce ko? Ita ce ko? Hwaɗi kowa ya ji! Tambaya ce?"

"Tam... baya..."

"Kun ji! Kun ji da kunnenku!"

"Mun ji," in ji Zuwaira. "Mun ji kin faɗa sau biyu kafin ya faɗa sau ɗaya."

Hannun Hajiya ya tsaya cak a kan goshin ɗanta.

Ba ta ɗago ba. Wani abu ya gilma a fuskarta, ya wuce, ya bar ta tana kallon tabarma.

A nan aka ji shi daga zaure.

Ƙwas.

Ƙwas.

Ƙwas.

Sanda ce ke dukan siminti, ba gaggawa.

Zuwaira ta runtse ido. "Inna, kin yi mini alkawari."

"Cewa na yi na ji ki. Salamu alaikum, masu gida."

Ta fito cikin rana, 'yar ƙanƙanuwa, mayafinta ya koɗe, auduga a ido ɗaya, ɗayan kuma yana bin fuskoki ɗaya bayan ɗaya.

"Wace ce kuma wagga?" in ji dattijuwar nan.

"Daga mota nike jin ana ta kiran sunana. Na ce rashin ladabi ne a kira mutum ya ƙi amsawa. Wa ya ce na mutu?"

Aka dare. Masu yara suka kwashe su, wata ta yi tuntuɓe da bokiti. Mai waya ce kaɗai ba ta motsa ba.

Hajiya Delu na nan durƙushe. 'Yar siffar ta suɓuce daga hannunta ta faɗa kan tabarma.

Inna Tambaya ta nuna ta da sanda. "Zuwaira, miƙo mani abin can."

Ta karɓa, ta kai ta dab da ido mai gani, ta juya ta gaba da baya.

"Wagga ce ni?"

"Inna..."

"Kin yi mani ƙaho, ba ki yi mani hanci ba. Ƙahon ma guda. Ko rago ya hi ni."

Wata ta kusa yin dariya, ta toshe baki.

"Mi take yi cikin wasan naku?"

Zuwaira ta dubi Bashar. "Yaron nan ne ya faɗa rami. Ita ke riƙe da igiyarsa."

"Ta saki?"

"Ba ta saki ba."

"To madalla." Ta ƙulle siffar a bakin mayafinta. "Tawa ce, da sunana anka yi ta."

Ta tako har bakin tabarmar, ta dubi Bashar, ta kai bayan hannu kusa da kumatunsa ba ta taɓa ba.

"Wanga yaro wuta ce jikinshi. Allah ya ba ka lahiya, ɗana." Sannan ta dubi wadda ke durƙushe. "Delu. Kin yi jiki. A da, a ƙashin wuyanki ana iya rataya ƙwarya."

Inna ta gyara riƙon sandarta.

"An ce tsallake kike so. Jikata ba ta iya ba, ba kuma za ta koya ba in dai ina numfashi. Ni na iya. An koya mani."

Ta jingine sandar a jikin rumfa. Ta kai hannu ƙugunta, ta fara kwance ɗaurin zanenta.

"Inna!" Zuwaira ta riƙe mata hannu. "Wallahi ba za ki yi ba!"

"Sake ni. In za a yi, a yi shi yadda anka yi mani. Ba zane, ba kallabi. Ga maza bisa katanga, ga mijina tsaye ya juya baya, ga uwarki tana wata biyar an kwance ta daga bayana an aje ƙasa tana kuka, ba wanda ya yarda ya ɗauke ta. Haka ake yi. Ko ba haka ba, Delu? Ke kina ƙasa, kin hi kowa gani."

"Inna Tambaya..." Muryar Hajiya ta fito kamar ta yarinya.

"Af, kin tuna sunan. To za ni tsallake ɗanki. Amma kahin nan ki hwaɗa masu abin da kinka ce mani ranan nan."

"Ban... ban ce komi ba. Ba ni cikin hankalina."

"Idonki biyu tarau."

Inna ta ɗage bakin zanenta kaɗan, ta nuna idon sawunta na hagu.

"Nan kinka kama. Tsallake na biyu. Hannunki da zahi awa na yaron ga. Kinka ja ni, na duƙa, kowa ya zaci tohi nike maki. Ni kaɗai na ji. Shekara arba'in da wani abu ina riƙe da maganar nan. Ban hwaɗa wa mijina ba da ya miƙo mani takarda. Ban hwaɗa wa ɗiyata ba. Wagga da ke tsaye yau za ta hwara ji."

"Don me ba ki faɗa ba, Inna?" in ji Zuwaira.

"Wa zai ji mayya? In ma sun ji, yarinya za su kama da duka, ga ƙyanda ta cika mata jiki. Na ce bari ta girma, ta hwaɗi da kanta." Ta gyara tsayuwa. "Ta girma. Ta je Makka. Delu, ni za ni hwaɗi ko ke?"

Hajiya ta ɗaga ido. Ta dubi matan, ta dubi wayar, ta dubi ɗanta.

Bashar ya fara karkarwa, haƙoransa na haɗuwa.

Zuwaira ba ta jira ba.

"Sahabi, ɗauke shi."

"Hajiya ba ta..."

"Kai ke jan labari ran Asabar. Yau ka ɗauki ƙanen matarka ka sa a mota. Hanatu, kama ƙafafun."

Hanatu ta riga ta miƙe. Sahabi ya dubi surukarsa, ya ga ba ta ma san yana wurin ba. Ya duƙa ya sungumi Bashar.

Zuwaira ta juya ga mai waya, ta matsa har sai da fuskarta ta cika gilashin.

"Ke, ɗauki wannan da kyau, kada hannunki ya yi rawa. Sunana Zuwaira, jikar Tambaya ta Karakkai. Ga shi nan za a fita da shi. Ban tsallake shi ba, kakata ba ta tsallake shi ba, ba wanda ya taɓa shi a cikinmu. In ya warke ku gode wa Allah. In kuna da wata magana, Tudun Wada nake, gidan da ake kunun aya."

Aka fita da Bashar. Ƙofar mota ta buga a waje.

Tabarmar ta rage ba kowa a kai, sai tsumma da shatin gumi.

Inna Tambaya ta mayar da ɗaurin zanenta, ta ɗauki sandarta.

"Ashe dai ba ki girma ba. Zo mu tahi, Zuwaira."

Ƙwas.

Ƙwas.

"Ba ita ba ce."

Can ƙasa aka faɗe shi. Amma duk gidan ya ji.

Dattijuwar nan ta matso. "Hajiya, mi kike hwaɗi? Ta kama maki baki ne?"

"Ba wanda ya kama mani baki!" Hajiya ta ɗago, hawaye ya wanke mata fuska har haɓa. "Abin da na ce mata ke nan. Na ce, Inna, ba ke ba ce. Ban ga kowa ba! Gwaggona ta tallabe mani kai tun sahe, wa kike gani, Tambaya ce ko, ita ce ko, ita da ke ba ki hura? Na gaji. So nike a bar ni in yi kwana. Na ce e."

"La'ilaha illallahu."

"Na tashi na iske an kore ta. Kowa na cewa na tsira, ana ba ni nama. Na yi shiru. Na yi ta shiru har na koma ina ba ɗiyana labarin awa gaskiya." Ta dafe ƙirji. "Da na ji sunan nan a bakin Bashar, wallahi ba maita na ji tsoro ba. Cewa na yi haƙƙinta ne ya biyo ni har ɗaki. Na ce in anka sake tsallakewa, ƙila ya tabbata gaskiya ce tun can, ban yi komi ba..."

Zuwaira ta dubi kakarta. 

Inna ba ta juyo ba. Ta kai bakin zaure, bayanta kawai ake gani, da ɗan ƙullin nan a mayafi, ƙaho guda ya huda yadin ya leƙo.

Hajiya Delu ta taho da rarrafe. Ta ratsa tsakar gidanta a kan gwiwa, gaban maƙwabtanta, gaban waya, kallabinta ya zame ya faɗi ba ta waiwaya ba. Ta miƙa hannu ta kama idon sawun hagu, daidai inda aka nuna.

Sandar ta tsaya.

"Inna Tambaya, ƙarya na yi maki. Na raba ki da ɗakinki, na ɓata maki ɗiya, yau na so in ƙara da jika. Ga ni gaban jama'a, yadda anka tsayar da ke gaban jama'a. Don Allah, don Annabi, ki yahe mani."